Ranar da Na Kaɗa wa Surukina Ƙararrawa

"Zulaihat, kin san wanda kika kaɗa wa ƙararrawa jiya?"

Da wannan tambayar Gwaggo 'Yar'azumi ta tare ni, ko takalmi ban gama cirewa ba. Tana zaune a tsakar gidanmu ta miƙe ƙafafu a kan tabarmar Inna, waya a hannu, ta ɗaure fuska tamau amma idanun nan sai rawa suke. Na san halin kayana. Ƙanwar mahaifina ce, tun da Allah ya yi masa rasuwa ta naɗa kanta mai gidan, kuma ba ta taɓa ratso ranar azahar ta zo unguwarmu ta Ramin Hudu da labari mai daɗi ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Gwaggo, mutum ashirin da bakwai na kaɗa wa jiya. Wanne daga ciki?"

"Ji ta fa, wai wanne daga ciki." Ta dubi Inna. "Kin ji bakin da kika bari ya yi tsawo ko?"

Inna ba ta ɗago ba. Shinkafa take tsincewa a faifai, sai dai na lura tun shigowata wuri ɗaya yatsunta ke zagayawa. Nan gabana ya faɗi.

Bari in faɗi abin da ya haɗa ni da ƙararrawa, don kada a ce haka kawai na tashi da rashin kunya. Shekara uku ke nan ina shugabantar Cibiyar Tsiro a nan Haɗejiya, wurin da muke ɗaukar masu sabuwar dabarar sana'a mu rene su wata shida, mu koya musu yadda ake tsayar da kamfani, mu haɗa su da masu zuba jari. Sau ɗaya a shekara ake taron zaɓe. Kowa ya hau dandamali ya faɗi abin da ya zo da shi, alƙalai su ba da maki, mu ɗebi mutum goma.

A shekarata ta farko na ga tasku. Namiji zai hau ya yi minti ashirin yana zuba, in na ce lokaci ya yi ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Bari in ƙarasa, Hajiya," ya ci gaba abinsa. 'Yan matan da suka zo da aiki na gaske kuwa sai a tashi taro ba a kai kansu ba. Shi ne na je kasuwa na sayo ƙararrawa irin ta firamare, na kafa doka biyu. Minti uku ga kowa. Sannan ba Alhaji, ba Malam, ba Injiniya, sunan da ke kan takarda shi zan kira tsurarsa. Dokar ta yi aiki, har daga Dutse ake zuwa ganin yadda muke yi. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Gwaggo ta miƙo min wayar. "Kalli kanki."

Bidiyon taron jiya ne. Ga ni nan tsaye da makirufo, mayafi ya zauna daram, ina ji da kaina. Ga wani tsoho a kan dandamali, baƙi siriri, da koɗaɗɗiyar farar riga, ya rungumo buhu. Na tuna shi. Wakilin ƙungiyar masunta ne daga wani ƙauye a bayan Guri. Sun zo da dabarar mayar da kachalla gawayi, ciyawar nan da ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Tsohon bai san wani abu wai shi minti uku ba. Ya yi sallama, ya yi salati, ya gai da alƙalai ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiyarsu da iyalinsu, ya gai da jama'a. Ya juyo gare ni ya ce, "Ranki ya daɗe, shugaba, yaya ƙoƙari?" Yana kai hannu zai kwance bakin buhun, na kaɗa.

Sai ga muryata ta cika ɗakin, tar da ita.

"Bunu, lokacinka ya ƙare. Nan ba fada ba ce, ba gaisuwa muka zo ji ba. Na gaba."

Matasa suka kwashe da dariya, har da masu tafi. Tsohon ya tsaya jim, ya dubi buhunsa, ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri." Ya sauka a hankali. Dunƙulen gawayi ɗaya ya faɗo, ya sunkuya ya ɗauka ya sa a aljihu.

"Na gani, Gwaggo," na ce. "Lafazina bai yi daɗi ba. Amma doka ce, kowa ma haka na..."

"Uban Modu ne."

Na tsaya ina kallon bakinta.

"Wane Modu?"

"Modu nawa gare ki? Wanda kika ƙi ɗana saboda shi. Wanda danginsa za su kawo gaisuwa wajen baffanki ranar Asabar ɗin nan. To ubansa kika kira gatsal, a lasifika, gaban duk Haɗejiya. Surukin da ko hanya kuka haɗa ya kamata ki ratse, wanda har ki mutu bai kamata sunansa ya fito daga bakinki ba, shi kika kora kamar ɗan aji ɗaya."

Ji na yi kamar an kwara min tafasasshen ruwa a tsakar ka. Na dafa bango.

"Ba zai yiwu ba. Sunan mahaifinsa Alhaji Shu'ibu. Dillalin kifi ne, motocinsa ke kai kaya kudu."

Gwaggo ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shu'ibu sunan yanka ne, duk ƙasar Guri da Bunu suka san shi. Alhaji kuwa sai dai in a mafarki ya je. Mota kika ce? Kwale-kwale ɗaya gare shi da koma. Ƙanwarsa Bintu ta aiko da safen nan, ta ce a dakata da maganar Asabar. Wai ba su san shugaba za su auro wa gidansu ba."

Sai a lokacin Inna ta yi magana, muryarta can ƙasa.

"Zulai, ni dai ban rene ki don ki wulaƙanta furfura ba. Ko ba uban Modu ba ne, ai uban wani ne."

Wannan ta fi duk ta Gwaggo ciwo. Na shige ɗaki na kifa kaina a katifa, na yi kuka har muryata ta dishe. Da na rufe ido sai in ga tsohon yana sunkuyawa ya ɗauki gawayinsa, sai in ji ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Bayan la'asar aka ce wai ana sallama da ni a zaure. Ƙamshin turaren kaɗai ya gaya min ko wane ne. Yaya Zaharaddeen, ɗan Gwaggo na fari, ma'aikaci a Dutse, wanda ya shekara biyar yana min naci ina zillewa. Ya harɗe a kan kujera yana kaɗa makullin mota.

"Ƙanwata, sannu da jarrabawa. Ni fa ban ga laifinki ba, aikinki kika yi. Mutanen ruwa ne, ina suka san tsari?"

"Yaya, wa ya tura wa Gwaggo bidiyon?"

Ya sosa ƙeya. "Yawo yake a waya, kowa ya gani."

"Daga kujerun baƙi aka ɗauka. Kai ne a wajen."

"Ko ni ne, ƙarya na ɗauka?" Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Zulaihat, ki yi wa kanki faɗa. Mutanen nan ba za su taɓa mantawa ba. Ko an yi auren, duk biki duk suna da ke za a buɗe hira, jikokinki ma sai sun ji labari. Ni kuwa gida ne. In kin so ki riƙe cibiyarki har ki tsufa, ki kaɗa wa gwamna ma ƙararrawa, ba mai ce miki don me."

Abin haushin, akwai gaskiya a maganarsa. Abin da ya fi haushi, ko gaskiyar duniya zai jero min a tire, ba na son sa. Modu nake so. Ina son sa tun ranar da ya shigo cibiyar a rukuninmu na farko, da zanen na'urar busar da kifi mai aiki da hasken rana, ruwan sama ya jiƙa takardar sharkaf, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya saukar da ruwan. Shekara biyu ina tare masa harara da habaicin Gwaggo.

"Na gode, Yaya. A gai da mutan Dutse."

"Ina nan dai," ya ce. "Ba na gajiya."

Sai da ya fita wani abu ya faɗo min a rai, wanda kuka ya hana ni tunawa tun da rana. Modu yana wajen taron. Ni da kaina na ba shi kujerar girmamawa a matsayin tsohon ɗalibin da ya yi nasara.

Na kira wayarsa ya fi sau goma, bai ɗaga ba.

Washegari Laraba da sassafe na same shi a rumfar da yake haɗa na'urorinsa a bayan cibiya. Yana zaune a kan benci da sukundireba a hannu, ba abin da yake kwancewa. Idanunsa sun yi jajir. Da ya gan ni ya miƙe, ya sake komawa ya zauna.

"Kana wajen, Modu."

Ya sunkuyar da kai.

"Kujera ta biyu daga damata. Da ka ja bakin mayafina. Da ka rubuto min kalma biyu a takarda. Ko tari da ka yi, wallahi da na waiwayo. Ka zauna kana kallo na yi wa mahaifinka abin da na yi."

"Ban san zai zo ba, Zulai. Na rantse miki ban sani ba. Ɗago kaina kawai na yi na gan shi yana hawa dandamali, da rigar nan, da buhu. Ga masu zuba jarin Kano a gefena, waɗanda na sha gaya wa abin da na gaya miki. Sai na ɗauki waya na kara a kunne kamar ana kirana."

"Ana kiran naka?"

"A'a."

Hawaye suka zubo masa. Ban taɓa ganin kukansa ba, sai na ji nawa ma sun ɓalle.

"Me ya sa ka ce min dillali ne? Na taɓa tambayar ka mota? Ni da na gan ka da takalmi ɗaya shekara guda, na ce na ji na gani?"

"Ranar da na fara zuwa gidanku Gwaggonki ta tambaye ni ɗan wane ne. Sai da ta gama kallon takalmina kafin ta kalli fuskata. Bakina ya riga ni. Daga nan kullum sai in ce yau zan gyara, in na zo sai in ga maganar ta yi nisa. Na ce in an ɗaura aure na gaya miki a hankali. Kawuna ne zai jagoranci masu zuwa ranar Asabar, ba wanda zai ga Baba sai bayan komai ya lafa."

"Mutumin da ya yi ta kamun kifi ya biya maka makaranta."

"Kada ki faɗa min. Na sani. Tun Litinin ban iya haɗiye ko ruwa da daɗi ba."

Kowa ya share fuskarsa. Can ya ɗago.

"Sakamakon bai fita ba tukuna, ko? Ki sa ƙungiyarsu cikin goman. In suka ji an ɗauke su, zuciyar su Gwaggo Bintu za ta yi sanyi."

"Ko buhun bai kwance ba, Modu. Alƙalai ba su ga komai ba. In na sa su, sai na cire ta goma, yarinyar Jahun mai injin casar shinkafa, wadda ta sayar da akuyarta ta haɗa shi. In cire ta don in wanke fuskata? Wannan kam ba zan yi ba. Zuwa zan yi in durƙusa a gaban mahaifinka, ya yi min duk abin da ya ga dama."

Ya matso har gwiwarsa ta kusa taɓa ƙasa.

"To abu ɗaya nake roƙo. Idonsa ba ya gani nesa yanzu, na tabbata bai gan ni ba. In ya tambaye ki, ki ce ba na ɗakin, na fita. Naki laifin mai yafuwa ne, ba ki san shi ba. Nawa ba zai yafu ba. In ya san ina zaune, Zulai, ba ni ba ke. Zai ce ba shi da ɗan da zai nema wa aure."

"Ƙarya kake so in yi masa, bayan laifin da na riga na yi?"

"Ina so ki zama matata. Sau ɗaya tak, don Allah. Daga shi ba zan ƙara sa ki ba."

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na juya na koma ofis, na rufe ƙofa, na sa hannu a takardar sakamako yadda alƙalai suka bayar. A nan ya kamata in ce masa a'a, tun a rumfar nan, amma na yi shiru.

Da na gaya wa Inna zan je Guri, na ɗauka za ta hana. Budurwa ta kai kanta gidan surukai tun ba a kawo ko goro ba, wannan wani abin faɗe ne na daban. Sai ta ɗauko mayafinta babba ta ninke.

"Ni zan kai ki. Ni na yi renon, ni zan ɗauki rabona na kunyar."

Ranar Alhamis muka kama hanya. Damina ta yi nauyi, bayan Guri kaɗan ruwa ya cinye hanya, sai da muka bar mota muka shiga kwale-kwale. Gonakin shinkafa duk sun nutse, kan zangarniya kawai ake gani. Ko ta ina kachalla ce ta fi mutum tsayi, mai tuƙi yana kutsawa ta 'yar siririyar hanyar da aka sare da lauje. A nan na gane abin da tsohon ya ɗauko a buhu, da nisan da ya ɗauko shi. Inna kuwa carbinta kawai take ja har muka sauka.

Ƙauyen bai fi gida talatin ba, warin bandar kifi ya cika ko'ina. Tun daga bakin ruwa na san an san ni. Mata suna leƙowa ta kan zana, wata ta ce, "Ita ce," wata ta ce, "Ashe 'yar ƙarama ce ma." Na ja mayafi na rufe fuska har haɓa. Ni da nake tsayawa gaban mutum ɗari uku ban ji ko ɗar ba, sai ga shi ina harɗewa a tafiya.

Gwaggo Bintu ta tare mu a ƙofa, doguwa mai kama da shi. Ta amsa gaisuwar Inna da mutunci, tawa kuwa ta bar ta a ƙasa.

"Shugaba ce da kanta? Ai da kin aiko mun share gari. Minti nawa za ki ba mu?"

"Bintu," wata murya ta ce daga ciki. "Shigo da baƙi."

Yana zaune a gindin wata tsamiya a tsakar gida, koma a kan cinyarsa yana ɗinke inda ta yage. Rigar nan ce dai a jikinsa. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma. Ni kuwa na zube a ƙasa can nesa, gwiwa biyu, goshina ya kusa taɓa turɓaya.

Suka gaisa da Inna, gaisuwa mai tsawo irin wadda na hana shi yi. Ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa, ya tambayi mutan gida, ya yi wa mahaifina addu'a. Kowace tambaya sai in ji kamar da bulala ake tsula min.

"Malam," Inna ta ce, "na kawo maka mai laifi. Ba mu zo kare kai ba. Abin da ta yi, ko ba ta san ka ba, bai dace da 'yar mutunci ba. Ka yi mata hukuncin da za ka yi wa 'yar cikinka."

"Bari in ji daga bakinta. Ranar nan ai na ji tana da murya."

"Baba..." Kuka ya ƙwace min. "Baba, na tuba. Ka yafe min don girman Allah. Ban san kai ne ba, amma ko ban sani ba, ban da hujja. Girman kai ne ya ɗebe ni. Tun ranar ban ƙara iya kallon fuskata a madubi ba. In ka ce in bar aikin, zan bari."

"Wa ya ce ki bari?" Allurar ba ta tsaya ba. "Gaya min tukuna, gawayinmu ya shiga?"

Gwaggo Bintu ta kafe ni da ido.

"Bai shiga ba, Baba. Alƙalai ba su ga aikin ba, ba su da abin da za su ba wa maki. Amma in kun yarda, zan turo wanda zai zauna da ƙungiyarku ya nuna muku yadda ake tsara bayani, baɗi ku dawo."

"Kun ji ko?" Gwaggo Bintu ta tafa hannu. "Ta zo ba da haƙuri ma da a'a a bakinta."

Sai na ji tsohon yana dariya, 'yar dariya a hankali har kafaɗunsa na motsi.

"Ita ce dai. Ba a canza min ita a hanya ba." Ya dubi Inna. "Malama, ni ban aiki kowa gidanku ba. Bintu ce da zafin kanta. Na je Haɗejiya don gawayi, amma ba zan ɓoye miki ba, na je ne in saci kallon wadda yaron nan ya zaɓa."

Yaron nan yake cewa. Modu ɗan fari ne, bakinsa ba ya kama sunansa.

"Abin ya yi min zafi, ba zan ce bai yi ba. An yi min dariya, sa'o'in jikokina ne suka yi. Amma da na shigo jirgi ina dawowa sai na yi ta tunani. Shekara arba'in ina zuwa ofisoshi kan maganar ruwan nan. Kowa sai ya ba ni kujera, ya ce Baba sannu, Baba ka dawo gobe, yana murmushi. Goben nan har yau ba ta yi ba. Yarinyar nan ce ta fara ce min a'a a idona. Bakinta da kaifi, wannan kam sai kin ƙara gyarawa. Amma fuskarta ɗaya ce. Na ce wa Bintu irinta gidan nan yake bukata, ita ce ba ta ji ba."

Ya ciji zaren ya tsinke.

"Na yafe, duniya da lahira. Asabar tana nan yadda aka sa."

Inna ta ɗaga hannu tana hamdala, hawaye na bin kumatunta. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har tafin ƙafa. Na ma fara godiya, sai ya ɗaga min hannu.

"Saura tambaya ɗaya, 'yata, sai ku ci abinci ku kama hanya kafin hadari ya haɗo. Lokacin da nake tsaye a kan abin nan, yaron nan yana cikin ɗakin?"

Bai ɗago ba. Sabon zare yake sawa a allura.

Wallahi na san amsar da ta dace. A kan harshena take. Amma sai na hango Asabar, saura kwana biyu, ta dawo hannuna bayan na fid da rai. Na hango Gwaggo 'Yar'azumi tana miƙe ƙafa tana cewa ai na faɗa. Na ji ƙamshin turaren Yaya Zaharaddeen. Na ga Modu a kan benci, gwiwarsa na neman ƙasa, yana cewa sau ɗaya tak. Na ce a raina tsoho ne, me zai ƙara masa in ban da baƙin ciki? Har na yi wa kaina huɗubar cewa tausayinsa nake ji.

"Ba ya ciki, Baba. Ya fita amsa waya tun kafin ka hau."

Allurar ta tsaya.

Ya ajiye komar a gefe, ya ɗago ya dube ni. Tun zuwanmu sai yanzu ya dube ni sosai, kuma idanun nan garau suke.

"Kujera ta biyu daga damarki," ya ce. "Shuɗiyar shadda, da hular da na saya masa ranar da ya gama makaranta. Muka haɗa ido, ya ɗauki waya ya kara a kunne."

Na ji Inna ta ja numfashi.

"Mutumin da ke gane motsin tarwaɗa a ƙarƙashin kachalla, shi zai kasa gane ɗansa a taku goma? Nasa laifin na sani tun ranar Litinin. Na haɗiye, ko Bintu ban gaya wa ba. Na ce ba komai, yaro ne, birni ya ruɗe shi, amma Allah ya haɗa shi da wadda za ta miƙar da shi. Ashe kwana uku sun ishe shi ya lanƙwasa ki."

"Baba, don Allah... tsoro na ji. Tsoron rasa shi na ji. Ka bari in..."

"Tashi, 'yata, ƙasar da sanyi."

Ba faɗa a muryarsa, ko kaɗan. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya juya ga Inna, ya sassauta murya kamar mai yi mata ta'aziyya.

"Malama, ki yi haƙuri da wahalar hanya. Ki gaya wa baffanta kada ya tara mutane ranar Asabar, ba wanda zan tura. Surukar da za ta kore ni a gaban jama'a zan iya zama da ita. Wadda za ta taya ɗana rufe min ido ce ba zan iya ba."

Ya jawo komarsa ya ci gaba da ɗinki.

Inna ta miƙe, ta yi masa sallama da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Ba ta dube ni ba. Ta sa takalmanta ta nufi bakin ruwa, ni kuma ina nan durƙushe, na rasa ƙafar da zan tashi da ita.